Daga Allon Itace Zuwa Allon Gilashi: Tarihin Wahalar Ido a Yammacin Zamfara

Kalmar "allo" tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Daga Larabci ya aro ta, watau daga "lauhu", tun zamanin da Musulunci ya shigo ƙasar nan da alƙalami da tawada, ya kuwa riƙe ta har ta zama tasa. Da Bature ya zo da makarantar boko, sai aka ce da baƙin katakon nan da malami yake rubutu a kansa da alli shi ma allo ne. Yau kuma ga shi muna kiran fuskar kwamfuta da ta wayar hannu da wannan suna. To, 'yan'uwa ɗalibai, tun da yake yawancinmu a kan wannan allo na uku muke wuni, wasunmu ma a kansa suke kwana, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda idon mutanenmu ya sha fama a da, don mu san inda za mu ajiye kukan da muke yi yanzu na cewa kwamfuta tana kashe ido. Zan ɗauki yammacin Zamfara, watau ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, in yi misali da ita, saboda ƙasa ce da ta ga kusan kowace irin masifa ta ido.

Zamanin wutar kara

Kafin fitilar ƙwai ta iso ƙauye, da hasken wuta ake karatun dare. Da yamma almajirai kan bazu cikin gonaki su roro kara da ƙirare, bayan magariba a hura wuta a tsakiyar fili, su kewaye ta kowa da allonsa, da asuba kuma a sake hura ta. Malamin da yake da hali shi ne mai aci-balbal, 'yar fitilar nan ta man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga. Wanda ya taɓa zama kusa da wutar kara ya san hayaƙinta, ya san yadda harshenta yake tashi yana faɗuwa, baƙi ya bayyana ya ɓace. A haka aka haddace Alƙur'ani, a haka kuma alarammomi suka rubuta shi da ka, shafi bayan shafi, da wasulla ja da ɗigon ruwan ɗorawa. Saboda haka gajiyar ido wajen karatu ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Malaman jihadi ma ba su ƙyale zancen ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan magani, cikinsu har da wani a kan maganin ido kaɗai, wanda aka fi sani da Ɗibbul Aini. Ba daga sama ya tsinci wannan ilmi ba. Tun ƙarni na 9 Hunainu ɗan Is'haƙu ya rubuta maƙaloli goma a kan ido a Bagadaza, a farkon ƙarni na 11 kuma Ibnul Haisam ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manaziri, inda ya tabbatar da cewa haske ne yake shiga ido daga abin da ake kallo, ba ido ne yake fitar da haske ba. Tabarau kuwa sai wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka ƙago shi a Italiya, ya kuma daɗe ƙwarai kafin ya zama abin da talakan ƙasar Hausa zai sa a fuskarsa. Malamin da ya haura shekara 40, baƙi ya fara yi masa dishi-dishi, dabararsa ita ce ya nisanta takarda, in abin ya faskara ya sa almajiri ya karanta masa.

Abin da ya makantar da kakanninmu

Amma fa ba karatu ne ya cika garuruwanmu da makafi ba, har aka kai ga naɗa musu sarki, Sarkin Makafi, da unguwarsu ta kansu. Cututtuka ne. Akwai agana, wadda sai 1980 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Akwai ƙyanda, wadda in ta sami yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki takan ci baƙin idonsa cikin 'yan kwanaki. Akwai amosanin ido, wanda ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska suke yaɗawa, ya yi ta dawowa har fatar ido ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya dinga gogar ƙwayar har ta dushe. Sa'an nan ga yana, wadda tsufa yake kawowa. Mu masu nazarin adabi ba ma bukatar a gaya mana girman abin, don kuwa Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, tun yana yaro ya rasa ganinsa, da ka ya tsara waƙoƙinsa wasu suka rubuta.

Ƙasar da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suka ratsa tana da tata ƙarin masifar, watau makantar kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda ne mai hayayyafa a inda ruwa yake gudu da ƙarfi a kan duwatsu, in ya ciji mutum sai ya zuba masa 'ya'yan tsutsa. Tsutsar takan girma a ƙarƙashin fata ta yi shekara fiye da 10 tana haihuwa, 'ya'yanta su bi jiki suna sa ƙaiƙayi mai hana barci, su ƙarasa cikin ido. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa sai a gan shi ɗan yaro yana jansa da sanda. Abin takaicin shi ne ƙasar fadama mai albarka ita ce ta fi cutar, manomi ya rasa na zaɓe tsakanin abincinsa da idonsa. Sauƙi ya fara samuwa bayan 1987, lokacin da kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta har sai cutar ta ƙare. Aka shiga rabon ta gida-gida sau ɗaya a shekara, mutanen gari da kansu suke rabawa, ana auna tsawon mutum da sanda a san ƙwaya nawa za a ba shi, ƙungiyar Sightsavers tana tallafawa. Wajen 2019 hukumomin lafiya na tarayya suka bayyana cewa an katse yaɗuwar cutar a Zamfara da Kabi da Kaduna. A ganina wannan yana cikin manyan nasarorin da aka samu a ƙasar nan, sai dai ba a cika jin ana zancensa ba, don aikin da aka yi shiru-shiru da sanda da littafin rajista ba ya shiga waƙa.

Asibitin ido na zamani kuwa, na farko da ya yi suna a Arewa shi ne na mishan da aka buɗe a Kano cikin 1943, wanda yanzu ake kira asibitin ido na ECWA. A 1979 aka yi dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mai karatu ya dubi nisan Gummi da Kano, ya tuna hanyoyin wancan zamani, zai gane dalilin da ya sa mai yana ya fi saurin miƙa idonsa ga masu yawo gari-gari suna ture yanar da tsinke, aikin da ya makantar da mutane da yawa ɗungum. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido ya jawo wajen kashi 17, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar nan ana iya hana ta ko a warkar da ita. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, za su yi mana amfani a gaba.

Tozali da dalma

Babu yadda za a yi zancen ido a Bukkuyum da Anka a tsallake 2010. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, suna suma suna sanƙarewa, maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana cike da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Tungar Guru da 'Yargalma a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza a Anka, su ne ƙauyuka bakwai da aka fara kankare ƙasarsu aka zuba sabuwa, Bagega kuma sai 2013.

Ina haɗin wannan da ido? Haɗin shi ne tozali, wanda Kanawa suke ce wa kwalli. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, sau da yawa dutsen dalma ne tsantsa, ba ismidin da litattafai suka ambata ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi sawu har aka gano tozalin da ake sa masa ne, da aka auna shi kuwa kashi 82.6 cikin 100 dalma ne. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki. Uwa tana yi ne don ta gyara masa ido ta kare shi, ba ta san abin da ke cikin tandun ba. Wannan kam ya fi kowace kwamfuta haɗari, amma ban taɓa jin an yi masa rabin surutun da ake yi wa hasken waya ba.

Zuwan allon gilashi

Karatun boko ya yaɗu sannu a hankali: Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976. Kallo kuma ya fara da majigi a ƙofar fada. Talabijin ya fara a Ibadan cikin 1959, Kaduna ta bi a 1962, amma mutumin ƙauye sai da bidiyo da janareta da gidajen kallo suka zo sa'an nan ya san zama gaban gilashi. A wannan zamani ne iyaye suka koyi cewa "ja da baya, za ka kashe idonka". Maganar tana da asali. A 1967 kamfanin General Electric na Amurka ya amsa cewa wasu akwatunan talabijin masu launi da ya ƙera, wajen 90,000, suna fitar da irin hasken nan na ɗaukar hoton ƙashi fiye da kima. Aka gyara su, a 1968 aka yi doka a kan abin. Matsalar ta wuce, gargaɗin ya zauna, har ya ƙetaro teku ya iske mu. Allon waya da na kwamfutar yau ba irin wancan ƙirar ba ne, ba sa fitar da wannan haske.

Babban juyi ya zo ne a watan Agusta 2001 da aka fara wayar salula a Nijeriya. Cikin shekara 20 allo ya tashi daga abin da ake zuwa kallo ya koma abin da ke cikin aljihu. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, a 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya, watau yaron Tungar Guru da yake son shiga jami'a, ko a Gusau ko a Sakkwato, dole ne ya zauna gaban kwamfuta ko bai taɓa ganin ta ba. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tura karatu cikin waya. Mutanen Zamfara sun ga iyakar yadda abin ya shiga jikinsu a farkon Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka dinga tafiya har wata jiha don su buga waya ko su karɓi kuɗi.

Me allon yake yi wa ido?

Abu biyu ne, kuma dukansu an san su. Na farko bushewa. Ido yana da wani siririn ruwa a samansa, hawaye ne da ɗan maiƙo a bisa wanda fatar ido take fitarwa don kada ya yi saurin ƙafewa, ƙiftawa ce take shimfiɗa shi. A 1993 wasu likitoci biyu na Japan, Tsubota da Nakamori, suka ƙidaya ƙiftawar ma'aikatan ofis 104. Suka tarar in mutum yana zaune kawai yakan ƙifta kamar sau 22 a minti, in yana karanta littafi sau 10, in yana kallon kwamfuta sau 7. Daga nan ne raɗaɗi yake zuwa, da jin kamar an zuba yashi, da ja, da hawayen da ke zuba ba dalili. Yanzu a haɗa wannan da hunturun ƙasarmu, iska busasshiya da ƙura, da fanka tana bugun fuska. Ɗalibin Zamfara a watan Janairu ya fi ma'aikacin Tokyo dalilin kuka.

Na biyu gajiyar tsoka. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka da take matse madubin ido in za a dubi abu na kusa, ta saki in an dubi nesa. Wanda ya ƙura wa waya ido awa uku kamar wanda ya dunƙule hannu ne awa uku. Sai ciwon goshi, sai rubutu ya dinga rabuwa biyu, in ya ɗaga kai ya ga nesa ta yi hazo na ɗan lokaci, ga ciwon wuya da kafaɗa saboda sunkuyo. Wannan ma ba sabon ilmi ba ne. Tun 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya yi zancen masu aikin ƙanƙanan abubuwa, ya ba su shawarar su dinga ɗauke ido daga aikin lokaci-lokaci su dubi wani wuri. Shawarar da wani likitan tabarau na Amurka, Jeffrey Anshel, ya yayata a shekarun 1990, cewa bayan kowane minti 20 a dubi abin da ke nesa da ƙafa 20 har daƙiƙa 20, jikar waccan ce. Maɗinkin hula da mai zayyana sun san ta ba tare da an ba ta lamba ba.

Abin da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne, waɗannan wahalhalu suna wucewa in an huta, kuma allo ba ya makantar da babban mutum. A tuna alƙaluman da na ce a riƙe: yana da hawan jinin ido su ne manyan masu makantarwa. Game da tabarau mai tare shuɗin haske da ake tallarsa a kasuwa da tsada, ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 17 a 2023, ba ta ga yana rage gajiyar ido fiye da tabarau na kullum ba. Shuɗin hasken da rana take zubo mana a fili ya ninka na waya nesa ba kusa ba. Inda hasken waya yake da laifi na gaske shi ne barci, don kallon ta a gado yakan jinkirta shi, wanda bai yi barci ba kuwa da jan ido zai tashi.

Yara da hasken rana

Wurin da tsoro yake da tushe shi ne idon yara. A 1867 wani likita mai suna Hermann Cohn ya auna idon 'yan makaranta 10,060 a birnin Breslau, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamusawa, yanzu kuwa yana Folan. Ya tarar a makarantun ƙauye waɗanda ba sa ganin nesa ba su kai 2 cikin 100 ba, amma a manyan makarantun birni sun wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar idon yaro tana girma ne, in ta yi tsawo fiye da kima sai nesa ta dushe masa, ba ta kuma komawa. In abin ya yi tsanani, yana ƙara haɗarin hawan jinin ido da ɓallewar tantanin bayan ido a gaba.

Ƙasashen gabashin Asiya sun riga kowa faɗawa. A biranen Sin da Taiwan da Koriya ta Kudu kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau, a birnin Seoul ma an auna samari 'yan shekara 19 aka sami kashi 96.5. Wani ƙiyasi da aka buga a 2016 ya ce in aka ci gaba a haka, rabin mutanen duniya za su shiga wannan hali kafin 2050. Da masana suka zurfafa bincike sai suka gano cewa ba kallon kusa kaɗai ba ne, rashin fita rana yana da babban kaso. A 2010 Taiwan ta umarci makarantu su fitar da yara waje awa biyu kullum, matsalar ta fara ja da baya. A birnin Guangzhou na Sin aka ƙara wa wasu 'yan firamare minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku kashi 30.4 suka kamu, alhali a cikin waɗanda ba a ƙara wa ba kashi 39.5 ne.

Yaron ƙauyenmu da yake kiwo, yake kai abinci gona, yake wasan langa a dandali, yana shan wannan magani kyauta, shi ya sa yaran Afirka har yanzu suke can ƙasa a wannan lissafi, ƙasa da ɗaya cikin goma. Sai dai abu biyu suna cin wannan gado a lokaci guda. Ɗaya waya ce da uwa take miƙa wa ɗan shekara uku don ya yi shiru. Ɗayan kuma rashin tsaro, wanda ya hana yara daji da gona a wurare da yawa na Anka da Bukkuyum da Gummi, ya kwashe iyalai daga tunga ya cusa su a ɗaki ɗaya cikin gari. Yaron da ba ya ganin allon aji ba ya cewa ba ya gani, don bai san yadda wasu suke gani ba. Malami sai ya ce daƙiƙi ne, a mai da shi bencin baya, inda ya fi rashin gani.

Mu manya kuma haɗarinmu shi ne mu ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Ɗalibi yana ciwon kai kullum ya ce kwamfuta ce, alhali tabarau yake bukata. Wani idonsa ya yi ja, ya tafi kemis a ba shi maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, ya ji daɗinsa ya yi wata da watanni yana ɗigawa, shi kuwa irin wannan magani yana iya hawar da jinin ido ya kuma kawo yana. Wani ya ɗiga ruwan sukari ko fitsari ko nono, kamar yadda aka yi ta yi tun zamanin afolo, ciwon idon nan da ya ɓulla a Gana cikin 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, ya samo sunansa daga kumbonsu. Hawan jinin ido kuwa ba ya ciwo, daga gefe yake fara cin gani, ya fi kama baƙar fata kuma da wuri, abin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya kai shekara 40, ko wanda aka taɓa samun cutar a danginsa, awon da zai nuna ta a asibitin ido ba ya wuce 'yan mintoci.